BABI NA UKU: TSOFAFFIN TASWIRORI DA ƘASAR FADAMA A ƘAURAN NAMODA DA SHINKAFI DA ZURMI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan tsofaffin taswirorin da suka nuna yanayin ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, musamman ɓangaren fadama, wato ƙasar da manoma suka karɓe daga hannun ruwa suka mayar da ita gonaki. Za a fara da ma'anar taswirar yanayin ƙasa, sannan a dubi gulaben yankin da yadda suke samar da fadama. Daga nan za a bi tarihin zanen taswira a wannan yanki daki-daki, a nuna yadda ake karanta ta, da abin da take iya tabbatarwa, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya. Dalilin ba wannan al'amari babi guda shi ne, gonar fadama ba ta da tsayayyar iyaka kamar gonar tudu, domin gulbi yakan ci wani gefe ya ajiye wani. Saboda haka duk wata shaida da ta nuna yadda wuri yake shekaru sittin ko saba'in da suka wuce tana da daraja a wurin manomi da makiyayi da alƙali.

3.1 Ma'anar Taswirar Yanayin Ƙasa

Taswira zane ce da ake yi a kan takarda don a nuna kamannin wani yanki na ƙasa kamar ana kallonsa daga sama, tare da rage girmansa bisa wani ƙayyadadden ma'auni. Taswira iri-iri ce. Akwai ta siyasa mai nuna iyakokin jihohi da ƙananan hukumomi, akwai ta hanyoyi, akwai kuma ta filaye wadda ke nuna gonar kowane mutum da iyakarta. Wadda wannan babi ya ƙunsa ita ce ta yanayin ƙasa, wato mai nuna tudu da kwari da duwatsu da gulabe da tafkuna da dazuzzuka, haɗe da abubuwan da ɗan Adam ya samar kamar garuruwa da hanyoyi da rijiyoyi.

Abubuwa uku ne ginshiƙan irin wannan taswira. Na farko shi ne ma'auni. Idan aka rubuta 1:50,000 a gindin takarda, ana nufin santimita ɗaya a kan takarda daidai take da santimita 50,000 a ƙasa, wato rabin kilomita ke nan, santimita biyu kuma kilomita ɗaya. Na biyu shi ne layukan tsayin ƙasa, waɗanda akan zana da launin ƙasa-ƙasa, kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga teku ya zo ɗaya. Inda layukan suka matsu da juna akwai gangare mai tsanani, inda suka yi nesa da juna kuwa ƙasa a shimfiɗe take. Na uku shi ne mabuɗi, wato jerin alamomin da ke gefen takarda tare da fassararsu.

3.2 Gulaben Yankin da Samuwar Fadama

Manyan gulabe biyu ne suka ratsa wannan yanki. Gulbin Gagare ya taso daga tuddan kudu, ya bi ta Ƙauran Namoda ya miƙa arewa zuwa ƙasar Shinkafi. Gulbin Bunsuru kuwa ya samo ruwansa ne daga ƙoramun ƙasar Katsina, ya bi ta Zurmi ya yi arewa maso yamma. Su biyun suna haɗuwa a can arewa wajen ƙasar Isa, daga baya Gulbin Maraɗi ya iske su wajen Sabon Birni, ruwan ya ci gaba da sunan Gulbin Rima har ya wuce Goronyo da Wurno zuwa Sakkwato.

Ƙauran Namoda da Zurmi suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, shi ya sa gulbi a wajensu yake tafiya cikin kwari mai iyaka, fadamarsa kuma ba ta cika faɗi ba. Idan aka doshi Shinkafi sai a sauka daga wannan dutse a shiga ƙasar yashi da laka mai taushi, wadda kuma a shimfiɗe take. A nan gudun ruwa yakan ragu, sai ya sauke yashin da ya ɗauko, ya toshe hanyarsa da kansa, ya rarrabu ya nemi wata. Wannan shi ne irin abin da ke faruwa a bakin manyan kogunan duniya inda suke faɗawa teku, kamar Kogin Nilu a Masar, sai dai a nan abin yana faruwa ne a tsakiyar ƙasa kuma a taƙaice. Ana danganta sunan Shinkafi kansa da shinkafar da wannan fadama take bayarwa.

Gulaben nan na damina ne. Suna cika su tumbatsa wajen watan Agusta da Satumba, da rani kuwa sai su koma rairayi, ruwan ya ɓuya a ƙarƙashi, har mutane su riƙa tona shi da ƙwarya. Duk ambaliyar da aka yi takan bar sabuwar laka a kan fadama, wadda ita ce takin da manomi bai saya da kuɗinsa ba.

3.3 Yadda Manoma ke Raya Fadama

A wasu ƙasashe gwamnati ce ke karɓe ƙasa daga ruwa ta hanyar manyan ayyuka. A ƙasar Holan an kammala wata babbar datsiya a 1932 wadda ta raba wani sashe na teku da uwarsa, aka bi baya aka tsotse ruwa aka sami gonaki da garuruwa. A ƙasar Mali Faransawa sun kafa hukumar noman rani ta Kogin Neja a 1932, suka gina madatsar Markala. A arewacin Zamfara kuwa aikin na fartanya ne da haƙuri, kowane gida da nasa ɗan ƙoƙari.

Hanyoyin da ake bi sun haɗa da sare ƙaya da ciyawar bakin gulbi, da yin kunya mai tsawo ko 'yar ganuwar ƙasa don tare ruwa, da haƙa magudana don a janye ruwan da ya kwanta. Haka kuma idan gulbi ya canza hanya, tsohuwar hanyar takan zama tafki, shekara da shekaru laka tana cike ta, manoma suna bin ruwan suna shuka yayin da yake ja da baya, har wata rana wurin ya zama gona sosai. Da damina akan shuka shinkafa a wuri mai zurfi, dawa a gefen da ruwa ba ya daɗewa. Da rani kuma a yi lambu na albasa da tumatir da tattasai da dankali da rake da taba. A da da jigo ake ban ruwa, amma tun daga shirin bunƙasa fadama na ƙasa da aka fara a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, rijiyar burtsatse marar zurfi da injin ban ruwa suka yawaita, abin da ya sa aka faɗaɗa noman rani zuwa wuraren da a da dabbobi ke kiwo.

Ta fuskar shari'a, malamai sun san wannan aiki da sunan raya mataccen wuri. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukunce-hukuncen mallakar irin wannan ƙasa mai suna Ta'alimur Radi. Ke nan tambayar wa ya fara raya wuri, kuma yaushe, tsohuwar tambaya ce a ƙasar Hausa, kuma a nan ne tsohuwar taswira take da abin cewa.

3.4 Tarihin Zanen Taswira a Yankin

3.4.1 Zamanin Matafiya

Kafin zuwan Turawa, sanin ƙasa a ka yake. Madugai da fatake sun san zango-zango, sun san mashigin kowane gulbi da lokacin da yake ƙetaruwa, sarakunan noma da na ruwa kuma sun san iyakar kowace fadama. Duk da haka ba za a ce ba a san zanen ƙasa ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Kilafatin zanen ƙasashen Sudan a lokacin da ya ziyarci Sakkwato a 1824, aka kuma buga zanen a Ingila a 1826. Shi Kilafatin ta Zurmi ya bi a wannan tafiya tasa daga Kano. Bayansa Bajamushen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya biyo ta Zurmi da Badarawa da Isa a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno.

Taswirorin da aka zana daga bayanan waɗannan matafiya na hanya ne kawai. Matafiyi yana riƙe da kamfas da agogo, yana rubuta inda ya dosa da sa'o'in da ya yi yana tafiya, daga baya masu zane a Turai su mayar da rubutun zane. Don haka abin da ke kusa da hanya yakan fito da ɗan kyau, abin da ke nesa kuwa jita-jita ce. Amfaninsu a yau shi ne sun tabbatar da garuruwan da suke raye a wancan lokaci da kuma wuraren da ake ƙetare gulbi.

3.4.2 Zamanin Mulkin Mallaka

Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, buƙatarsu ta farko ita ce sanin iyakarsu da Faransawa. An yi yarjejeniyoyi a 1898 da 1904 da 1906, sannan wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi iyakar tsakanin 1906 da 1908 tana awo tana kafa turaku. Ƙasar Zurmi tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, saboda haka gefenta na arewa yana cikin wuraren da aka fara aunawa da kayan awo na zamani.

Buƙata ta biyu ita ce haraji. Di'o-di'o sukan fita rangadi su ƙidaya garuruwa da mutane da dabbobi, su haɗa rahotonsu da ɗan zanen gunduma da aka yi da hannu. Irin waɗannan rahotanni na Lardin Sakkwato suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Zanen ba shi da cikakken ma'auni, amma yakan nuna sunayen ƙauyuka da iyakar hakimai, wani lokaci har da wuraren shinkafa.

Buƙata ta uku ita ce ciniki. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen layin dogo kuma matattarar gyaɗa da auduga da fatu. Shimfiɗa dogo ba ya yiwuwa sai da awon tudu da kwari, don haka 'yan safiyo suka yi aiki sosai a wannan layi. A wannan zamani ne kuma aka riƙa kafa turakun awo a kan duwatsu a faɗin Nijeriya, ana auna kusurwar da ke tsakaninsu, dukkansu kuma an jingina lissafinsu ga wani turke da ke kusa da Minna.

3.4.3 Zamanin Hoton Sama

Babban canji ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 gwamnatin Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka, wadda aka canza wa suna a 1957 ta koma hukumar safiyon ƙasashen ƙetare, ta ci gaba da aiki har 1984. Wannan hukuma, tare da ma'aikatar safiyo ta tarayya da ke Legas da ta Jihar Arewa da ke Kaduna, su suka fito da taswirori masu ma'aunin 1:50,000 da 1:100,000 waɗanda har yau su ne tushen sanin yanayin ƙasar Arewa.

Yadda ake aikin shi ne, jirgin sama yakan bi layi miƙaƙƙe yana ɗaukar hotuna, kowane hoto yana hawa kan fiye da rabin na bayansa. Idan aka sa hotuna biyu maƙwabta a cikin na'ura aka duba da ido biyu, sai tudu ya taso kwari ya faɗa kamar mutum yana shawagi a sama, daga nan mai zane ya bi ya fitar da layukan tsayin ƙasa da hanyoyin ruwa. Bayan haka akan tura ma'aikata su zagaya ƙasa su tambayo sunayen wurare. Yawancin hotunan da aka yi amfani da su a Arewa an ɗauke su ne a shekarun 1950 da 1960, wato kafin farin 1972 zuwa 1974, kafin kuma a gina manyan madatsun ruwa. Wannan shi ya ƙara musu daraja, domin sun kama gulaben a lokacin da ba wanda ya tare su.

3.5 Yadda Ake Karanta Fadama a Taswira

Kowace takarda mai ma'aunin 1:100,000 tana ɗauke da rabin digiri a tsaye da rabin digiri a kwance, an kuma raba ta gida huɗu masu ma'aunin 1:50,000, kowane gida kimanin kilomita 27 a kowane gefe. Ƙauran Namoda tana wajen digiri 12 da minti 35 arewa, Zurmi tana wajen digiri 12 da minti 46, Shinkafi kuwa ta ɗan haura digiri 13, tana kuma dab da layin digiri 6 da minti 30 gabas. Ma'anar wannan ita ce, Shinkafi ta faɗo a bakin takarda, saboda haka mai son ganin fadamarta gaba ɗaya dole ya haɗa takardu fiye da ɗaya gefe da gefe.

Abin da mai karatu zai fara dubawa shi ne rubutun da ke gindin takarda, inda aka faɗi shekarar da aka ɗauki hoto da shekarar da aka buga taswirar. Sau da yawa akwai tazarar shekaru a tsakaninsu, kuma shekarar hoto ita ce abin riƙo, don ita ce ranar da aka ga ƙasar. Bayan haka sai ya dubi launi. Shuɗi na ruwa ne: layi marar yankewa ruwa mai daɗewa, layi mai yankewa ƙoramar damina, ɗige-ɗige a cikin gulbi rairayi, 'yan alamomi masu kama da tushen ciyawa kuma dausayi ko wurin da ambaliya ke kaiwa. Baƙi na gidaje ne da turbobi da dogo da ganuwa. Iyakar gandun daji ma tana da nata layi.

Ana gane fadama ko da ba a rubuta sunanta ba. Layukan tsayin ƙasa sukan bi gefenta biyu su bar tsakiya fayau. Garuruwa sukan jeru a bakin tudu suna fuskantar kwari, domin Bahaushe yakan gina gida inda ruwa ba ya kaiwa, ya yi gona inda yake kaiwa. Tafki mai siffar lauje a kusa da gulbi kuwa alama ce ta tsohuwar hanyar ruwa. Idan aka ga irin waɗannan tafkuna a jere, ana iya bin su a gano inda gulbin ya taɓa bi tun kafin a haifi masu noman wurin na yanzu.

Cikakken amfanin tsohuwar taswira yana fitowa ne idan aka aza ta a kan sabon hoto. Tun 1972 taurarin ɗan Adam suke ɗaukar hoton duniya a kai a kai, yanzu kuma ana iya ganin hoton kowane ƙauye a waya. Akan nemi abubuwan da ba sa motsi, kamar gada ko tashar jirgin ƙasa ko dutse, a daidaita su a takardun biyu, sannan a dubi abin da ya canza. A ɗauka tsohuwar taswira ta nuna dausayi a yammacin wani ƙauye, sabon hoto kuma ya nuna gonakin albasa a wurin. Wannan ya tabbatar da cewa an raya wurin ne bayan shekarar hoton farko. Idan kuwa gulbin da ke gabas da ƙauye ya koma yamma da shi, to gonakin da ke tsakani sun canza gefe ba tare da masu su sun gusa ba.

3.6 Sunayen Wurare a Taswira

Ga mai nazarin Hausa, tsohuwar taswira rumbun sunaye ce. Kalmomi irin su gulbi da tafki da fadama da dutse da tunga da gida da birni da sabon gari da kufai suna bayar da tarihin wuri a taƙaice. Tunga tana nuna sabon mazauni da manoma ko masunta suka kafa, galibi da sunan wanda ya fara sauka. Kufai yana nuna an tashi, sau da yawa saboda yaƙi ko ambaliya. Inda tungaye suka yi yawa a bakin fadama, alama ce ta cewa an shigo wurin ne daga baya domin noma.

Sai dai rubutun sunayen yana buƙatar lura. Masu buga taswirar ba su yi amfani da haruffa masu ƙugiya ba, don haka ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Da haka Ƙauran Namoda ta zama Kaura Namoda, aka yar da ƙugiya aka kuma yar da harafin mallaka wanda ke danganta garin da Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi. Maraɗi ma ta zama Maradi. Matafiyan farko sun fi haka nisa, domin kowannensu ya rubuta Zurmi yadda kunnensa ya ji da kuma ƙa'idar harshensa. Haka kuma ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, alhali su ne ke bambanta kalmomi da yawa a Hausa. Saboda haka bai kamata a yanke hukunci kan ma'anar suna daga taswira kaɗai ba, sai an ji yadda mutanen wurin suke furta shi.

3.7 Raunin Tsofaffin Taswirori

Rauni na farko shi ne ma'auni. A taswira mai 1:50,000 kadada guda, wato mita 100 sau mita 100, ba ta wuce milimita biyu sau biyu ba. Lambun da bai fi rubu'in kadada ba kuwa milimita ɗaya ne, kamar ƙwayar gero. Ke nan wannan taswira ba za ta nuna iyakar gonar wane da wane ba. Abin da za ta iya nunawa shi ne ko wurin gaba ɗaya gona ne ko daji ko ruwa.

Na biyu shi ne tazarar layukan tsayin ƙasa, wadda a yawancin takardun ƙafa 50 ce, wato kimanin mita 15. A fadama kuwa bambancin kamu biyu ko uku shi ke raba gonar shinkafa da ta dawa, irin wannan bambanci kuma ba ya fitowa ko kaɗan.

Na uku shi ne lokacin ɗaukar hoto. Da rani ake ɗauka saboda gudun gizagizai, don haka taswirar ta kama gulbi ne yana rairayi. Iyakar ambaliya da aka zana an ƙiyasta ta ne daga launin ƙasa da irin tsiron da ke wurin.

Na huɗu shi ne tushen lissafi. Tsofaffin taswirori sun dogara da turken Minna, na'urorin nuna wuri na yanzu kuwa suna amfani da lissafin duniya baki ɗaya. Idan ba a daidaita su ba, wuri ɗaya yakan goce da mita 80 ko fiye, wanda ya isa ya jefa gonar mutum cikin ta maƙwabcinsa.

Na biyar shi ne, an zana su ne don buƙatar mai mulki. Hanyar mota da gidan baƙi da iyakar gandun daji sun fito sarai, amma mashayar dabbobi da rugar da ke tashi da kaka da haƙƙin masunta a tafki ba su sami irin wannan kulawa ba. Rashin ganin abu a taswira ba ya nufin babu shi a ƙasa a wancan lokaci.

3.8 Muhimmancinsu a Yau

Abubuwa da yawa sun canza tun bayan ɗaukar waɗancan hotuna. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, rikicin diyyar gonakin da ya biyo baya kuma ya jawo asarar rayukan manoma a 1980, abin da ya nuna haɗarin taɓa ƙasar fadama ba tare da cikakken bayanin masu ita ba. An gina madatsar Zobe a ƙasar Katsina a kan ruwan da ke gangarowa Bunsuru, da ta Jibiya a kan ruwan da ke zama Gulbin Maraɗi, da ta Goronyo a kan Rima. Kowace madatsa tana canza yawan ruwa da lakar da ke isa ƙasa da ita. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnan jiha, ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da izinin gonakin karkara. A 1996 kuma aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, aka raba ma'aikatu da takardunsu.

Muhimmanci na farko shi ne sasanta rikici. Fadama ita ce wurin da manomi da makiyayi suke haɗuwa da rani, ɗaya yana neman danshi ɗaya yana neman ciyawa da ruwa. Cinye burtali da mashaya da gefen gandun daji yana cikin abubuwan da ake ambatawa a matsayin tushen rashin tsaron da ya addabi Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda tun daga wajen 2011. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi keɓe wuraren kiwo, tsofaffin taswirori kuma suna nuna iyakar dazuzzukan da aka keɓe tun zamanin Turawa, irin babban dajin da ke gabashin Zurmi. Duk wanda zai zauna sulhu yana buƙatar sanin inda layin yake tun asali.

Na biyu shi ne komawar waɗanda suka yi gudun hijira. Iyakar gonar fadama gamba ce ko kunya ko wata bishiya, shaidarta kuma dattawa ne. Ƙauyen da aka watse aka bar shi shekaru, ambaliya za ta shafe kunyoyinsa, wasu daga cikin dattawansa kuma su rasu a wani gari. Ranar da aka dawo, tsohuwar taswira da hoton sama za su iya tabbatar da inda ƙauyen yake da faɗin ƙasar da yake nomawa, ko da ba su raba gona da gona ba.

Na uku shi ne kiyaye ambaliya. Garuruwa sun faɗaɗa, an yi gine-gine a wuraren da tsohuwar taswira ta sa wa alamar dausayi. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma gulbi yakan koma tsohuwar hanyarsa a shekarar da ruwa ya yi yawa. Duba taswira kafin a yanka filaye ya fi sauƙi a kan rabon kayan agaji bayan gidaje sun rushe.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar taswirar yanayin ƙasa, an nuna yadda Gagare da Bunsuru suke samar da fadama da yadda manoma suke raya ta. An bi matakai uku na zanen taswira a yankin, wato na matafiya da na mulkin mallaka da na hoton sama, aka ga cewa na ƙarshen su ne suka fi amfani wajen nazarin fadama. An kuma nuna cewa taswira tana tabbatar da inda gulbi ya bi da inda daji ya tsaya a wata sananniyar shekara, amma ba ta nuna iyakar gonar mutum ɗaya, don haka sai an haɗa ta da bayanin dattawa da na masu unguwanni da sarakunan noma. Zai kyautu ma'aikatar filaye da safiyo ta Jihar Zamfara da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda su tattara kwafin waɗannan takardu su adana su a kwamfuta, a kuma gyara rubutun sunayen bisa ƙa'idar Hausa. Babi na gaba zai dubi kalmomin noman fadama da ake amfani da su a waɗannan garuruwa uku.